Motar da Yayan Matata Ya Sayar Mini Tana Ihu da Safe

Hajiya Ashatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a, abin da na ɗauka ƙarami ne yana neman raba ni da surukina.

Ni ɗan Sabo ne a Ibadan, nan aka haife ni, albasa nake sayarwa a kasuwar Bodija. Shekarata hamsin da biyu ban taɓa mallakar mota ba, babur nake hawa har gwiwa ta fara ciwo. Wata biyu da suka wuce yayan matata, Alhaji Mahmuda, wanda yake kawo motocin tokumbo daga Legas, ya zaɓo mini wata ƙarama. Ya ce ya duba ta da kansa, lafiyarta lau. Na yarda, ai shi ya ba ni auren ƙanwarsa shekara goma sha tara ke nan, bai taɓa cutata ba.

To ga matsalar. Kullum da safe in na tayar da ita, sai inji ya ɗau ƙara kamar ina taka totur, alhali ƙafata ko kusa da shi ba ta je ba. Allurar nan mai nuna gudun inji takan haye har kusa da ɗaya da rabi. Ranar da aka kwana ana ruwa ma abin ya fi. Sau uku ina kai ta wajen wani bakanike a Mokola da kowa ke yabo. Abin haushin, kafin in fita daga gosulon shataletale in isa garejinsa ta yi laƙwas, allura ta sauko ƙasa da ɗaya, ko motsinta ba ka ji. Ya saurara, ya leƙa, ya ce ba abin da ya same ta, har da dariya. Da Yarabanci muka yi maganar, kuma ina jinsa sarai, ba wai ban fahimce shi ba ne. Daga baya na ji ashe shi ke duba wa Alhaji Mahmuda motoci. Nan zuciyata ta ce mini bakinsu ɗaya.

Hajiya, ina da saurin fushi, na sani. Ban je wurin Alhaji Mahmuda ba. A ƙofar masallaci, inda muke zama bayan la'asar, na ce an sayar mini da mota mai ɓoyayyen ciwo, kuma na kama sunansa. Kin san Sabo, kafin magariba maganar ta isa gidansa, har da ƙari. Da zuwa ya yi ya zazzage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ya aika wa matata cewa in kawo makulli gaban liman ranar Juma'a ya karɓi motarsa, daga nan kowa ya kama gabansa. Matata Halimatussa'adiya tana girki tana ajiye mini, amma na ga damuwa a idonta. Tun rasuwar iyayensu shi ne uwa shi ne uba a wurinta. Wallahi abin yana damuna, amma kuma kunnena ba ƙarya yake mini ba. In mayar da motar ne, ko in yi yaya?

Mai Albasa, Sabo.

Wa alaikumus salam, Malam Mai Albasa. Abin da ka ji ka ji shi daidai, fassarar da ka yi masa ce ta kauce.

Ni ba bakanike ba ce, amma na haura shekara ashirin ina tuƙi, kuma sai da na tambayi masu aikin kafin in amsa maka. Wannan juyin da inji yake yi mota tana tsaye, shi suke kira silo. Injin da ya kwana ya huce, fetur ba ya ƙonewa sosai a cikinsa, baƙin mai kuma ya yi kauri, shi ya sa motar take ƙara wa kanta wuta don kada ta mutu, ta kuma yi saurin ɗumama. Allura takan kai har ɗaya da rabi, wato juyi dubu da ɗari biyar a minti. Da ta yi zafi, cikin 'yan mintoci, sai ta sauko tsakanin ɗari shida da ɗari tara ta tsaya. Abin da ka kwatanta ke nan. Bakaniken bai ga komai ba saboda kai da kanka kake ɗumama ta a hanya kafin ka isa.

Abin damuwa shi ne in ta yi zafi allura ta ƙi saukowa, ko ta riƙa hawa da sauka, ko motar ta dinga karkarwa tana mutuwa a tsaye. Gobe ka tayar da ita, kada ka taɓa totur, ka zauna ka kalli allurar minti goma. In hankalinka bai kwanta ba, kai ta wurin bakaniken da bai san surukinka ba, ta kwana can, ya tayar da ita da safe a gabanka.

Ban ga laifinka ba da ka tsorata, wanda ya saba da babur wa ya gaya masa? Alhaji Mahmuda ma ya kamata ya yi maka bayani ranar da ya miƙa maka makulli, kuma da ya bi ta kan ƙanwarsa da wannan saƙon ya ɗora mata nauyin da ba nata ba. Amma babban kuskuren naka ne. Mutumin da amana ce jarinsa ka jefa da ha'inci a bainar jama'a, ko tambayarsa ba ka yi ba.

Kada ka jira Juma'a. Ka taka har gidansa ka ce ka yi kuskure, ba tare da kame-kame ba. Sannan ka koma wurin zamanku ka janye maganar da ƙarfin muryar da ka faɗe ta, domin waɗanda suka ji zargin su ne masu sayen motocinsa. Amma ka fara da matarka. Ita ce za a raba da ɗan'uwanta ba ta ci ba ba ta sha ba. Ka gaya mata yau ɗin nan cewa ba za ka bari hakan ta faru ba.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa wa motar albarka, ya tsare hanya.