Baba Ya Koma Ciyayya

Zuwa ga Innata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ɗiyarki Rabi ce ke rubuto miki daga Dakoro, a tsakar gidanki, kusa da murhun da kika bari. Na san ba ki yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma inda kike ba a kai wasiƙa. Amma labarin ya fi ƙarfin cikina, shi ya sa na rubuta shi a fili, duk mai so ya karanta.

Na gama, Inna. Doktoran nan da kika ce zai cinye mini ƙuruciya a ƙasar sanyi, na gama shi, na dawo gida.

Kin tuna yadda kike gaya wa matan unguwa abin da nake karantawa? Sunan ergoterapi ya ƙi zama a bakinki, sai ki ce: "Tana can wurin Nasara, wai karatun koya ma manya cin tuwo taka yi." Su kwashe da dariya, ni kuma in cika in yi fam a waya. To ki huta, ke kika fi kowa faɗarsa daidai. Aikinmu ke nan. Wanda ciwo ya kayar, likita ya sallame shi, amma ya kasa sa riga, ya kasa alwala, ya kasa kai loma baki, mu ne muke zama da shi har ya koma harkarsa.

Akwai abin da ba ki gani ba. Bayan rasuwarki, hawan jini ya kayar da Baba a kasuwar dabbobi, yana tsakar cinikin wani bijimi. Aka kai shi Maraɗi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma yatsun hannunsa na dama suka ƙi dunƙulewa.

Kin san Baba da ciyayya. Tun ina ƙarama, da an idar da magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowane maigida a layinmu ya fito da akushinsa, a haɗa a ci tare, ana gardamar kuɗin raguna. Ke kuma kina ciki kina mita, wai naman da kika ɓoye masa a ƙasan miya Malam Sha'aibu maƙwabcinmu ne ke cinyewa. To, Baba ya daina fita. Zuwaira matar Yaya takan kai masa abinci ɗaki, ya juya baya ya ɗan taɓa da hagu, ya ture. Da na matsa masa a waya ya fita cikin mutane, abin da ya ce shi ne: "In sa hagu cikin kwanon mutane? Gara yunwa, ɗiyata." Hoton da Yaya ya turo mini a lokacin, wuyan Baba ya yi wa rigarsa kaɗan. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga zan rasa shi kamar yadda na rasa ki, ina nesa.

Can makaranta, abin da ake fara koya mana shi ne a horar da hannun da ciwon bai taɓa ba. Hanya ce mai kyau, tana kuma aiki a wurinsu. Ni kuwa na san tabarmar ƙofar gidanmu. Sai na mayar da bincikena kacokan kan wannan: yadda za a dawo wa mutanenmu da hannun dama wajen cin abinci, ko da bai warke duka ba. Ranar da na tsaya kare kundina, wata farfesa mai furfura ta tambaye ni me ya sa nake bin doguwar hanya alhali hagu na nan lafiya lau. Na ba ta labarin akushi da tabarma, na ce mata a garinmu wanda ya koma ci da hagu ɗaki yake shigewa, ya bar mutane. Ta daɗe tana rubutu. Da suka miƙe tsaye suka kira ni Dokta, wallahi Inna kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba. Sun ce in zauna in yi aiki da su, na yi godiya na ɗaure kayana.

Yanzu ina da ɗan ɗakina a asibiti, ina ganin mutane daga Kornaka har Bader Gula. Amma duk cikinsu babu mai taurin kan mijinki. Na kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya dube ni ya ce: "Mi kika ɗauke ni, jinjiri?" Sai na jefar da ƙwallo na kawo faifan gujiya, na ce Zuwaira aiki ya yi mata yawa, ya taimaka da ɓara. Na kawo igiya na ce na manta yadda ake ɗaurin akuya. Ya zage ni tas, wai karatu ya mayar da ni sakara, sannan ya zauna yana nuna mini da yatsun nan nasa masu rawa. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce.

Na je wurin baduku ya ɗinka mini ɗan maɗauri na jar fata, mai haɗe yatsu uku su zama kamar ludayi. Na ce wa Zuwaira ta riƙa tuƙa tuwo da ɗan tauri, ta rage wa miya yauƙi. Mukan rufe ƙofa, ni da shi da akushi. Rigunan da muka ɓata da miyar kuka, Allah kaɗai Ya san yawansu.

Ran Juma'ar da ta wuce, ana idar da magariba, na ji ya ce a fitar masa da akushinsa waje. Nan da nan muka sa aka fitar, don kada ya fasa.

Kin san mace ba ta zama a wurin, ko da doktora goma gare ta. A zaure na laɓe ina leƙe. Aka matsa aka ba shi wuri, ya zauna a gurbinsa na jikin bango, ya yi bisimilla. Lomar farko ta kuɓuce, ta faɗi a kan farar rigarsa. Malam Sha'aibu, Allah Ya yi masa albarka, ko ƙiftawa bai yi ba, ya ɗaga murya ya ci gaba da rantsuwa a kan wani rago da aka yi masa tsada. Baba ya sake miƙa hannu, a hankali. Ta biyun ta isa baki.

Na tsuguna a zauren na toshe bakina da mayafi. Can sai na jiyo muryarsa ta hau ta kowa, yana ce wa Malam Sha'aibu bai san rago ba tun yana saurayi.

Akushi ya dawo babu komai a ciki, tare da saƙo: a gaya wa Zuwaira gishiri bai ji ba. Ni da ita muka rungume juna muna dariya, hawaye na zuba.

Ina alfahari da kaina, Inna, na faɗa. Amma alfaharin da nake yi da tsohon nan naki ya fi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa. Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a hannun da nake riƙe marasa lafiya da shi. Ya haɗa mu a inda babu ciwo. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi