Koren Dutsen Bama

Wurno, daren Laraba, watan Rajab

Tun da Yaya Umaru ya komo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, gidanmu bai rabu da mutane ba, saboda koren dutsen da ya zo da shi. Shi ya ja wa kanshi, da ya ce mutanen can sun yarda akwai lu'ulu'u mai ba mutum duk abin da ya roƙa, har gumakansu na riƙe da shi. Ya rantse nashi na kasuwa ne, ba mai saurare. Mata sai aiko ƙwarya suke a jiƙa musu shi kamar rubutu. Inna ta ce shirka ce, ta kore su.

Da la'asar Gwaggo Hassi maƙwabciyarmu ta zo da kanta. Ɗanta Sanda tare sunka tafi da Yaya, har yau shiru. Ta ce, "Umaru, ara mini shi in roƙi komowar yarona."

Ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta riƙe.

Da ta fita na ce, "Yaya, don mi?"

Ya ce, "Na Sanda ne. Ni na cire shi daga aljihunshi kafin mu rufe shi. Gobe zan gaya mata."

Har yanzu ina jin motsinshi a zaure.