A Bar Mini Fasa Kifi

Ummu Muntazar,

Shekara biyu ke nan rabona da garinmu Cibayish. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da ƙafarta, da yaronmu Muntazar. Ni lafiya lau, sai sanyin nan garin Dukan na Kurdawa da hayaƙin gashin kifi da ya ɗan taɓa mini ido. Ba komai ba ne.

Ƙanena Falih ya kawo amaryarsa yawon shaƙatawa bakin tafki, kin sani. Suka zauna a rumfar da nake aiki, ni na gasa, ni na kai musu. Ya dubi jiragen nan masu inji ya yi dariya, ya ce, "Yaya, waɗannan ai ko jaki ya tuƙa. Ka ga ɗanka kuwa? Tsaye yake tura kwalekwale da gora, ni na koya masa!"

Na ce Allah ya saka da alheri. Da gaske nake, don yaron da bai iya ruwa ba a garinmu abin tausayi ne, kuma Falih bai yi laifi ba. Amma ranar na ƙona kifi biyu, mai rumfa ya zage ni da Kurdanci.

Roƙona ɗaya: kada kowa ya nuna wa Muntazar yadda ake fasa kifi ta baya kafin a gasa. Ko ya yi kuka, ki ce ya jira ubansa.

Abin da na tara dinari dubu ɗari bakwai ne. Ya cika miliyan in taho.

Mijinki,
Jabbar