Allon da Nake Gogewa

Ƙanwata,

"Yaya, da na gama, ke ce ta gaba." Haka kika ce ranar da na bar miki kwamfutata na taho.

Ya ƙafar Inna? Ya yarana? Ni lafiya lau, sabulu ne kawai ya ɗan ci mini hannu, kada ki gaya mata.

Na ga hotonki riƙe da takardar kammala horon blockchain, wannan sabuwar fasahar kwamfuta. Allah ya sanya albarka. Na faɗa, amma sai da na kife wayar tukuna. Ni da na nuna miki inda ake kunna kwamfuta! Yanzu bakin Inna ba ya gajiya da "injiniyata".

Ofishin da nake sharewa, irin aikinku suke yi. Kullum sai na karance allonsu kafin in goge.

Makarantarku ba ta ɗaukar kowa sai tsohon ɗalibi ya tsaya masa, kuma Asabar za a rufe rajista. Ki ba da sunana. In Asabar ta wuce shiru, akwai wata ma'aikaciya a nan, sa'ar 'yata, zan jingine tsintsiya in ce mata Malama, ta koya mini. Ranar da na gama, ita zan gode wa a gaban Inna.

Yayarki