Na Ga Kuskuren Bitrus A Lissafin Girgizar Ƙasa, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, ku kuma masu karatu ku bi ni a hankali, ni ma kunyar kaina nake ji.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gumel. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara lissafin auna girgizar ƙasa a allo, su haddace, a wuce wurin. Yo ƙasar da ba ta taɓa motsi da mu ba, wa zai tambaye ni daga ina lissafin ya samo asali? Sai aka kawo mana Malam Bitrus, ɗan Filato, ƙanin bayana ne ma. Wata Alhamis tirelolin shanun kasuwar Maigatari na wucewa, tagogin aji na karkarwa, sai ya ajiye kofin ruwa a tebur ya ce yara su kalli rawar ruwan. Daga nan ya nuna musu yadda masana suka faro: a auna tsayin zanen da allurar na'urar auna girgiza ta yi, a duba nisan wurin da girgizar ta taso, sannan a dunƙule lambobin zuwa hawa-hawa don sun yi yawa. Yara har da tafi! Ni da na koyar da iyayen wasunsu, wa ya taɓa tafa min? Wallahi ranar ko tuwo bai shiga ba.

Asabar ɗin nan zai gabatar da darasin a taron malaman shiyyarmu, har da na Gagarawa da Sule Tankarkar, a nan za a zaɓi wanda za a tura ƙaro karatu. Ya zo har zaurena ya biya min. Na ji ya ce kowane hawa ɗaya ƙarfin girgiza na ninka goma. Ina! Zanen allura ne ke ninka goma, ƙarfin da ƙasa ke saki kuwa ya haura ninki talatin. Wannan ko a haddata akwai shi, kuma masu tantancewa ba za su ƙyale shi ba.

Ya ce, "Yaya, akwai gyara?"

Na ce, "Babu, ya yi daidai."

Wane irin mutum ne ni? Bawan Allahn da duk lokacin da ya je gida sai ya ɗauko wa 'ya'yana dankali? Jiya kuma ya tare ni a bakin ofis yana murmushi, ya ce, "Yaya, a gaban kowa zan faɗa cewa kai ka duba min."

In na gyara masa yanzu, zai gane tun ranar na gani. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, har yanzu raina na so a kayar da shi. Me zan yi?