Daƙiƙa Arba'in na Anisa

Kirkissoye, Yamai, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƴata Ramatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti da zafin Tawa? Mu nan sai godiya, ban da gwiwa.

Maganar ɗiyarki Anisa ce. Lakwal ɗin da kika sa ta, makarantar nan, sun kawo wani robo, inji mai siffar mutum, tsawonsa bai fi turmi ba, wai zai taimaki masu otizim irinta, wato masu lalurar wahalar magana da cuɗanya, su yi karatu tare da sauran yara. Shekara talatin na karantar a ƙasar nan, aka sallame ni da takarda guda, yau abin wasa ne malami. Yarinya shekararta bakwai ba ta taɓa gaishe ni ba, ƙarfe zai buɗe mata baki? Ƙarshen wata zan cire ta.

Mahaifinki, Harouna Sumana

2 ga Nuwamba

Ramatou,

Ina gaishe ki da kyau, Allah ya sa kin warke daga murar.

Na je cire Anisa daga lakwal. Madan Safiatou, malamarsu, ta roƙe ni in zauna bayan aji tukuna. Robon ya ɗaga hoton akuya, ya kira sunan Anisa, ya yi shiru. Yara ashirin suka ɗora hannu a gwiwa kamar yadda ya yi. Ba mai dariya, ba mai ƙwace amsa. Na duba agogona: daƙiƙa arba'in. Sannan Anisa ta faɗi sunan akuya, tana kallon bango. Wadda ke kusa da ita ta tafa mata a hankali, don ta san ƙara na firgita ta.

Ni a zamanina sau uku nake buga tebur, wanda bai amsa ba sai bulala. Akwai wani Ismaël a Maraɗi da na rubuta wa "daƙiƙi" na kore shi. Tun ranar da na zauna bayan ajin nan nake ganin fuskarsa.

Madan ta ce robon ba ya gajiya da jira, yaran kuwa a wurinsa suka koya. Matar nan ta fi ni sanin aikina.

Jiya da safe na ajiye girma, ni na fara gaishe da Anisa. Na yi shiru har shayina ya huce. Ta amsa, Ramatou. Ta ce lafiya lau.

Ban cire ta ba. Gobe ma ni zan kai ta.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Harouna