Harafin Da Na Sa Aka Yanke

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, har da waɗanda ba sa karantawa sai dai su gangara ƙasa su yi zagi. Ina gaishe ku duka. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin ku yanke mini hukunci ku bari in kai ƙarshe, don na ga yadda kuka yi wa wata baiwar Allah kaca-kaca makon jiya tun ba ta gama gaisuwa ba. Ni tsoho ne, a aji huɗu na firamare na yi sallama da boko, da yatsa ɗaya nake buga wannan. In kun ga wani harafi ya faɗi ku ɗaga shi da kanku. Dama maganar harafi ce ta kawo ni.

Haifaffen Makama ne ni a cikin Yola, amma rayuwata duk a Jimeta na ƙarar da ita, a wani ɗan shagon gyaran rediyo a Luggere. Abin da ba za ku zata ba shi ne ni makaɗin gita ne. Eh, da wannan gemun. Mahaifina har Allah Ya karɓi ransa yana gaya wa baƙi cewa ɗansa na biyu aikin waya yake yi, kuma bai yi ƙarya ba, gita waya shida gare ta. A ƙuruciya muna da ƙungiyar kiɗa ni da wani abokina da zan kira Iliya, ba sunansa ke nan ba, Kirista ne daga wajen Numan, shi ke kan kibod. Shi yana ce mini Modibbo, wato babban malami da Fulatanci, don ban iya karatu ba, ni ina ce masa Fasto don ba ya zuwa coci sai ranar da za a raba abinci. Abin da muke kaɗawa shi Turawa ke kira niyu wef, wani reshen kiɗan rok ne da muka koya a kaset. Kada ku tambaye ni ma'anar sunan. Abin da na sani, ganga tana tafiya tak-tak-tak kamar keken ɗinki, ba ta gaisawa da kowa. Gita ba a barin ta ta yi dogon kuka, sara ta ake yi gajere-gajere kamar ana yanka kuɓewa. Bas, gitar nan mai ƙatuwar murya, shi ne ke gaba yana jan waƙar, kibod na biye da siririyar murya irin ta sauro mai ilimi, mawaƙi kuma ya rera kamar wanda aka tilasta masa. Mutanen Jimeta suna tsayawa su kalle mu kamar waɗanda suka sha wani abu. Mu kuwa a ganinmu gari ne bai waye ba.

Duk shekarun nan ba mu taɓa yin waƙar kanmu ba, ta mutane muke kwaikwaya. In na kawo wata 'yar karin waƙa, sai Iliya ya saurara ya ce, "Modibbo, hannu kam kana da shi. Kai ne babu." A yi dariya, ni ma in yi. Shekara arba'in ina wannan dariyar. Kun san yadda dariya ke ruɓewa a cikin mutum?

Sai rikicin nan ya zo, shekarar da mutanen arewacin jihar suka cika Yola da ƙafa, da tabarmi a ka. Iliya yana da ɗa guda namiji, Bitrus, malamin firamare ne da aka tura can wajen Madagali. Bai dawo ba. Ba gawa, ba labari, wayarsa ta daina shiga shi ke nan. Kullum Iliya zai hau mota zuwa Damare inda aka sauke 'yan gudun hijira, ya bi layi-layi da hoto a hannu yana tambaya, da la'asar ya dawo ya zauna a bencin shagona. Wata rana an kawo mini wata ƙaramar rikoda gyara, na gama na danna jan maɓallin ɗaukar murya don in gwada, sai na ji Iliya a bayana yana rera wani abu a hankali, kansa a ƙasa. Sauti huɗu ne kacal, uku suna hawa, na huɗu ya faɗo. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa. Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa saboda tsayuwa kusa da sifika, da na daman na ji, kuma abin da na ji shi ne "wamu, wamu". Da Fulatancinmu wamu na nufin yi rawa. Na ce a raina, ikon Allah, baƙin ciki ya taɓa wa Fasto kai, ɗansa ya ɓata yana cewa a yi rawa. Amma karin nan! Tun da nake ban taɓa jin sauti huɗu sun zauna da juna haka ba. Ban kashe rikodar ba. Ban kuma juya na ce masa me kake cewa ba. Na cire kaset ɗin na jefa a durowa, na sa wa mai rikoda wani. Wannan shi ne laifi na farko, ku riƙe lissafin hukuncin, akwai saura.

Shekaru suka wuce. Ɓarin jikin Iliya ya shanye, ya koma gidan 'yarsa Rahila, ma'aikaciyar jinya ce, ba ya fita, rediyo ma ya hana a kunna masa saboda labarai. Bara ina share durowa na ci karo da kaset ɗin. Me ya kai ni saurara? Me ya sa ban kai masa ba? Sai na ji muryarsa ta dā a kaina, hannu kam kana da shi. Na ɗauki gitata da ta yi shekaru a kan sif, na nufi situdiyon wani mutum mai tumbi da ake kira Injiniya.

Sati uku muka yi muna faɗa. Shi yana so ya zuba kalangu da fiyano irin na waƙoƙin fim, ya sa na'urar nan mai mayar da muryar kowa ta akuya. Na ce ko kusa. Ganga ta inji nake so, busasshiya, ba ado. Ya ce, "Baba, dis wan no go sel fa, ba zai sayu ba. Wa zai yi rawa da keken tela?" Na ce kai dai ɗinka. Na kaɗa bas da kaina, na ɗora shi a kan sautin nan huɗu yana ta zagaye. Gita na sare ta a tsakanin bugun ganga, ba a kan bugun ba, nan ne sirrin yake, shi ke sa kafaɗar mutum ta motsa bai shirya ba. Kibod muka ba shi layi ɗaya siriri. Na rubuta baiti biyu na shirme, Hausa da Fulatanci, a kan mai shayin da ya ƙi rawa. Amshi kuwa muryar Iliya ce daga kaset. Tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa, na ce a ƙara mata gudu ta kamo gangar. Da aka ƙara sai ta sirance ta koma ta saurayi, ba mai gane ta. Injiniya ya sa abin kunne ya ce, "Baba, akwai wani iska a farkon kalman, kamar puh, puh." Na ce dattin kaset ne, yanke shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan kwamfuta ya yanke. Ina tsaye a kansa ina cewa yawwa.

Waƙar ta tashi. Ku da ke Jimeta kun ji ta, kada ku yi mini fuskar salihai. A keke, a wurin aski, a biki na coci da na masallaci, da an ce wamu sai kowa ya hau karkaɗa kafaɗa. Wani gidan rediyo ya kira ni, na sa babbar riga na je na zauna na ce ni na ƙirƙiro ta, amshin ma muryata ce ta ƙuruciya da na tsinta a tsohon kaset. Har na ba matasa shawara su riƙa amfani da kai. Laifi na biyu ke nan.

Ranar wata Talata da azahar ina cikin liƙa wa wata rediyo dalma, Rahila ta shigo da kayan aikinta a jiki. Tun tana rarrafe Bappa take ce mini. Ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye waya a kan teburi, waƙar na tashi.

"Bappa, waƙan nan naka ne?"

"To, ƙasa dai ta shaida."

"Ni ban tambayi ƙasa ba. Wa yake jan numfashi haka kafin ya yi magana? Shekara nawa ina kwana da wannan numfashin a ɗaki na kusa, ina ji ko ya tsaya?"

Na ce 'yata zauna, waƙar farin ciki ce, babanki da kansa rawa yake cewa a yi.

Ta dube ni kamar majinyacin da ya sha maganin wani. "Rawa? Bappa, Pwamu ne. Ba wamu ba. Sunan gida na Bitrus ne, mama ce ta yanko shi daga sunan yarenmu tun yana goye. Da wannan waƙan take lallashinsa ya yi barci. Daga ita sai baba suke kiransa haka. Kiran ɗansa yake yi." Ta ɗauki wayarta. "Ina farkon sunan ya tafi?"

Jama'a, me zan ce mata? In ce dattin kaset ne? Shekara arba'in ina cin tuwo a gidan mutumin nan, na san lambar takalminsa, na san waƙar da yake kuskure a cikinta, ban san da wane suna yake kiran ɗansa ba, don ban taɓa tambaya ba. Na ji yarensa da kunnen yarena, abin da bai shiga ba na sa aka yanke.

Kuna tsammani daga nan na tuba ko? Ga laifi na uku. Bayan kwana huɗu an gayyace ni wani biki a Yola, na je, aka sa waƙar, aka jawo ni tsakiyar fili, na ɗaga hannu ana tafi. Ina jin sunan yaron yana fita daga sifika ba kai, mata suna juyi a kansa, kuma wallahi kafaɗata ta motsa. Daɗin tafin bai ragu ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Yanzu ga inda ake. Bitrus ya bar 'ya mace, tana firamare lokacin, Rahila ce ta raine ta. Ranar Asabar mai zuwa za a ɗaura mata aure. Yarinyar ba ta san komai ba, waƙar ce ma ƙarar kiran wayarta, kuma ta aiko musamman cewa Bappa ne zai buɗe fili da gitarsa. Za a fito da Iliya a keken marasa lafiya a ajiye shi a gaba, kusa da sifika. Rahila ta ce ta ba ni zuwa Juma'a, ko in gaya masa da bakina ko ita ta gaya masa da nata, kuma ta ce ba ta da tabbacin jininsa zai ɗauka ko ta bakin wa ya fito.

Shekaranjiya da safe na tafi da niyyar faɗa. Na same shi a baranda an lulluɓe masa ƙafa. Da rabin baki yake magana yanzu.

"Modibbo. An ce ka yi waƙa."

"Surutun mutane ne, Fasto."

"An ce gari duk ya ɗauka. Ashe akwai kai. Na janye maganata." Ya yi wata dariya da ta tsaya a gefe ɗaya na fuskarsa. "Sa mini in ji."

Na ce batirin wayata ya mutu. Ni, mai gyaran rediyo. Ya ce ba komai, ranar Asabar zai ji da kunnensa, a gaba za a ajiye shi.  Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito shi ne wai ana zafi bana. Na miƙe na ce ina da aiki, na nufi ƙofa da sauri har ina tuntuɓe da takalmin wani. Na kama ƙyauren ke nan na ji shi a bayana, a hankali.

"Rage gudu, Modibbo. Gudun ya yi yawa."

Ban juya ba. Har yanzu ban sani ba, tafiyata yake nufi ko waƙar.

Na koma wurin Injiniya jiya na ce ko zai iya mayar da harafin. Ya ce wanda ya yanke ya goge, amma tsohon kaset ɗin yana nan, ga shi a aljihuna ina rubuta muku wannan. A cikinsa sunan yana nan cikakke, da tafiyarsa ta asali, har da ƙarar fankar shagona. Zan iya kai wa Iliya in durƙusa, in ya yanke jiki ya faɗi, ni na kashe shi ana saura kwana biyu bikin jikarsa. Zan iya yin ciwon ƙarya ranar Asabar, amma mai kiɗan biki zai sa waƙar ko ina nan ko ba na nan. Zan iya hawa fili in karɓi lasifika in gaya wa amarya sunan wa take rawa da shi, in ɓata mata ranar da ba ta da wata. In kuwa ya riga ya sani, to zaune yake yana jira ya ga ko bayan hannu da kai ina da wani abu na uku.

Ku zage ni, na ba ku izini, amma ku gama da wuri, yau Laraba. 'Ya'yana, jikokina, me zan yi?